Ranar da aka tambayi Lauwali nauyin aikinsa

Tun ina sabon shiga a injin casar shinkafa na Tambuwal, inda nake ɗinkin buhu, na tarar da Lauwali a bakin wuta. Shi ke turara shinkafa cikin manyan durom. Mutumin Kebbe ne, dogo, marar surutu, gashin hannuwansa duk wuta ta cinye. Albashinsa ke riƙe da gida, shi kuma ke sayen dusar saniya ɗaya tilo da ta rage daga garken mahaifinsa. Muna tsokanarsa cewa ya fi son ta da kansa, bai taɓa musantawa ba.

Da mai injin ya rasu, ɗansa Ziyad ya ce za a auna kowane aiki a biya shi gwargwadon wahalarsa. Ba mugun nufi ba ne, na yarda. Ya ɗauko wata ma'aikaciya daga Sakkwato, Malama Ihsan, ta zauna tana kiran mu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar na ga abin mamaki. Mai gadi ya ce kullum ransa a hannu yake. Ni kaina sai da na nuna yatsun da basilla ta huda. Kowa ya wasa wuƙarsa.

Aka zo kan Lauwali.

"Baba, aikinka akwai wahala?"

"A'a, ɗiyata. Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Zafin wutar fa?"

"Ba komi na ba. Na saba, tun da daɗewa nika yi nai."

Haka aka rene shi: namiji ba ya kai kukan gajiya, balle gaban baƙuwa sa'ar 'yarsa. Ita kuwa abin da ta ji ta ɗauka. Aka sa aikinsa a matakin ƙarshe, tare da shara, aka rage masa albashi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya koma ya gyara magana. Ya dube ni kamar na zage shi: "In koma in ce ƙarya niy yi?"

Kafin damina dusa ta gagare shi. Ni na raka shi kasuwar shanu. Aka yi ciniki, amma saniyar ta turje, ta ƙi bin kowa. Mai sayen ya ce, "Malam, taimaka muna."

Lauwali ya kira ta da sunanta, ya wuce gaba. Ta bi shi har cikin mota.