Muryar Baban Rifkatu a Cikin Rijiya

'Yan uwa, tun kafin mafarkin nan da zan faɗa muku hankalina ba a kwance yake ba. Maigidana yana aikin gini a Kudu, bai taɓa ganin 'yarmu Rifkatu ba sai a hoto. Shi ke koyar da waƙa a cocinmu kafin ya tafi, sai ya tsara mata waƙar reno ya turo mini a waya da baƙaƙen do-re-mi. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan ya koya mini: baƙin ɗaya ne, in ɗigo yana samansa murya ta hau can sama, in yana ƙasa ta koma gindin maƙogwaro. To saƙon nan duk ɗigon a ƙasa suke. Da na rera, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Maman Rifkatu, wa ya rasu?" In kuskuren yatsa ne, da sauƙi. In kuwa da gangan ya sauke ta, wani abu na cinsa bai faɗa mini ba. Layinsa kuma ya daina shiga.

Jiya da dare na yi wani mafarki. Ga ni a coci, ba kowa, bencina duk a kife. Baƙaƙen waƙar suna rataye a igiyar shanya kamar kayan jariri, ɗigon sun zube ƙasa, kaji na caccaka. Na kore su, na tsince ragowar a bakin zanina. Sai kawai na ji muryarsa daga wata rijiya a gaban bagade, yana rerawa can ƙasa-ƙasa. Na ce, "Baban Rifkatu, sama ko ƙasa?" Ya ci gaba da rerawarsa.

Na shiga mayar da ɗigon saman baƙaƙen. Duk wanda na ɗora, muryar ta ɗan taso, har na hango hular kwanonsa ta aiki. Saura do na ƙarshe, sai kawai igiyar ta yi sama, Rifkatu da nake goye da ita kuma ta yi nauyi a bayana kamar buhun masara. Na yi ɗage, na yi ɗage, ɗigon ya narke a tafin hannuna.

Na farka nono ya jiƙa mini riga, ita tana barcinta.

Don Allah wanda ya san mafarki ya gaya mini, fitowa yake yi ko nutsewa? In kuma akwai mai karanta do-re-mi, ya yi magana in turo masa ya duba mini.