Na Ɗaura Na'urar Zuciyar Baba a Ƙirjina

A shekarar da aka fara maganar shari'a a Jigawa, duk Kiyawa babu yaron da ya kai ni rawar kai. Idan aka kwance akuyar mutum ko aka ɓoye takalmin ladan, ba a bincike, gidanmu ake nufowa. Umma takan ce tun ina ciki nake harbinta kamar jaki. Yanzu ma ban wuce sha bakwai ba, amma akwai abin da ya hana ni zama wuri ɗaya, shi nake so in faɗa wa masu karatu.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma da sauƙi, don ya miƙe yana jan ƙafa. Daga Dutse aka tura mu Kano. Likitan can ya ce wani lokaci zuciya kan yi tuntuɓe a bugunta, jini ya daskare a ciki, gudan ya haura kai. Idan haka ne, akwai maganin tsinka jini da zai hana ciwon dawowa. Sai ya manna wa Baba wayoyi a ƙirji, ya rataya masa wata 'yar na'ura kamar ƙaramar rediyo, ya ce mu koma gida da ita tana sauraron zuciyarsa, kada a cire, kada ruwa ya taɓa ta.

Washegari Juma'a ce, Baba kuwa tun yana saurayi bai taɓa barin wankan Juma'a ba. Yana ta sosa ƙirji yana mita, wai an ɗaure shi kamar ragon layya. Ni sarkin dabara na ce masa ya kawo in riƙe masa a jikina, na'ura ai ba ta san fuskar kowa ba. Ya cire ta ya ba ni, ya ce in dawo da ita kafin kiran salla. Ina mannawa na fice. Na gaya wa yaran unguwa cewa injin kama maƙaryata ne aka kawo saboda shari'a, nan take wani ya amsa satar gwaiba, wani ya fashe da kuka. Daga nan na buga ƙwallo, na kori jaki har bakin kasuwa. Da na dawo Baba ya ji daɗin iska a ƙirjinsa, ya ce in bar ta kawai. Ni na kwana da ita.

Da muka mayar, likita ya ce bai ga tuntuɓe ba, sai dai da la'asar zuciyar ta yi gudu sosai, ya tambaya ko Alhaji ya yi wani aikin wahala. Baba ya kalle ni, na kalli fanka. Dariya nake dannewa a lokacin. Aka sallame mu babu wancan magani.

Ana cikin girbin gero ciwon ya dawo. Wannan karon ya tafi da hannun dama da harshen Baba. Da aka auna shi a asibiti, sai ga tuntuɓen ƙarara. Na tsaya gaban likita na faɗi komai. Bai zage ni ba, ya ce ko da Baba ne ya kwana da na'urar, tana iya kamawa, tana iya kuskurewa. Wannan "tana iya" ita ke tashina daga kan tabarma. Na nemi gafarar Baba, ya dafa kaina da hagu, ya nuna ƙirjinsa, ma'ana shi ma da nasa laifin. Ban samu sauƙi ba duk da haka.

Har yau ina ba mutane dariya, halin bai bar ni ba, amma na gane ba kowane abu ake wasa da shi ba. Idan an rataya wa naku wannan na'ura, ku bar ta a jikinsa ko zai yi mita har gari ya waye. Idan wanka ne damuwarsa, ku tambayi likita da malam tun kafin ku baro asibiti. Idan kuma an riga an yi kuskure, ku faɗa a gaban likita tun mara lafiyar yana iya magana da bakinsa.