Kawu Iro da Ginshiƙinsa na Abuja

Duk wanda ya san Kawu Iro birkila a Batsari ya san ba ya shiga gida kai tsaye. Zai yi sallama, kafin a amsa ya riga ya manna kumatunsa a jikin katanga, ya runtse ido ɗaya, ya bi ta da kallo tun daga tushe har sama. In abin bai kwanta masa ba, sai ya zaro wata igiya mai guntun ƙarfe a baki daga aljihu, ya sake ta a jikin bangon. Sai ya gama wannan zai tambayi lafiyar mutanen gida. Hukuncinsa kuma ɗaya ne kullum: "A Abuja da tuni an rushe shi."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, don haka babu wanda ya kai ni shan labarin Abujan nan. Wani rani, ina ƙarama, ya tafi ci-rani ya faɗa cikin maginan da suka yi gidan tunawa da marigayi tsohon shugaban ƙasa. Wata tara ya yi. Ya dawo da rediyo da tabo a ƙafa, da labarin da bai gama ba da shi ba har ya koma ga Allah.

Lokacin da maganar aurena ta taso, shi aka tura Safana ya binciko halin manemin, wani malamin makaranta mai suna Kabiru. Ya tafi da safe, ya dawo bayan la'asar, iyaye mata suka kewaye shi.

"Yaya ka gan shi?" in ji mahaifiyata.

"Zauren ya karkace zuwa gabas. Ɗakin kuma wanda ya ɗora masa rufi, Allah ya yafe masa."

"Yaya, halin yaron muke tambaya."

"Shi nake gaya miki. Mutumin da ya yi shekara biyar yana kwana a ɗakin nan bai gudu ba, mai haƙuri ne. A ba shi."

Haka aka ba shi ni. Bai yi kuskure ba kuwa.

Sai maganar akurki. Matarsa, Inna Ladi, ta roƙe shi ya yi wa kajinta wurin kwana, don muzuru ya dame su. Aikin wuni guda ne. Kawu ya share rani guda a kansa. Ya fitar da dakali mai matakala bakwai, ya jera ƙananan ginshiƙai goma sha biyu, ya ɗora musu tulluwa a bisa kamar ta soron dā, har da ɗan kwarmi a gaba da yake zuba wa ruwa. Wai haka ginin Abuja yake, girma kawai ya fi shi. Ranar da ya gama, Inna ta koro kajinta. Ya tare ƙofa da ƙafa.

"Ina za su?"

"Ɗakinsu mana, Malam."

"Nan? Su ɓata mini daɓe? Kaji ba su san tarihi ba."

Kajin nan suka ci gaba da kwana a madafa. Ni kuwa da na fara koyarwa, na ga banza, na kwaso 'yan ajina su ga yadda gidan tarihi yake tunda ba mu da halin zuwa Abuja. Kawu ya sa babbar riga, ya riƙe kara yana nuni. Ya ce an ɗaga ginin bisa matakala ne don mai shiga ya rage sauri, ya shiga da natsuwa. Ya ce an buɗe tsakiyar tulluwar don haske ya sauka kan hoton marigayin. Ya ce ruwan gaban kuwa don sanyaya iska ne. Yana cikin bayanin ɗakin da aka ajiye hula da alƙalamin shugaban, sai ga wata kaza ta fito daga ciki tana kyarkyara. Yara suka leƙa, ƙwai huɗu. Ashe duk ranar da ya fita aiki Inna buɗe musu take yi. Daga bakin madafa ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Sun koyi tarihin, Malam."

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Amininsa Tukur mahauci, wanda suke zama a rumfarsa duk ranar kasuwa, bai taɓa yarda ba. A gaban jama'a yake cewa, "Iro, kwanon siminti ka ɗauka, ka faɗi gaskiya. Wa zai ba ɗan Batsari cokalin magini a gini irin wannan?" Mutane su yi dariya, Kawu ma ya yi, amma in ya dawo gida ba ya cin tuwo. Da ƙafarsa ta fara ciwo, wata rana ya ce wa mijina, "Kabiru, ba na so in mutu Tukur yana ce mini maƙaryaci." Hutun makaranta na zuwa Kabiru ya aro mota, muka ɗauki tsofaffin biyu. Tun daga Batsari har Abuja musu suke yi.

Gaskiya da na ga ginin na sha mamaki. Ga matakala bakwai, ga ginshiƙai, ga ruwa, ga haske yana saukowa ta tsakiyar rufi, sak akurkin Inna. Wata budurwa mai yi wa baƙi bayani ta tarbe mu, ta fara ba da tarihin yadda aka zana ginin da yadda aka buɗe shi. Kawu ya gyara mata zance har sau uku, tana ta cewa, "To Baba." Tukur bai girgiza ba. Ya ce, "Wannan duk mai ɗaukar kwano ma zai sani."

Kawu ya ce mu biyo shi. Ya zagaya da mu bayan ginin, inda baƙi ba sa zuwa, ya tsaya gaban ginshiƙi na uku daga hagu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan nawa ne. Kuma ya karkace."

Budurwar ta ce, "Haba Baba, injiniyoyi sun duba ko'ina."

"Faɗin yatsa ɗaya, zuwa kudu. A kawo tsani."

Aka kira wani dattijo mai kula da gyare-gyaren wurin. Ya ce shekararsa nawa a nan bai ga haka ba, amma ya kawo tsanin. Kabiru ya hau ya saki igiyar Kawu daga sama, muka zuba ido har ƙarfen ya daina lilo. Dattijon ya durƙusa ya sa yatsansa tsakanin igiya da gini. Ya shiga daidai. Ya ɗago ya kalli Kawu, ya sake gaishe shi, wannan karon da hannu biyu.

Tukur ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. "Na yarda, Iro, wallahi na yarda. Shekara da shekaru kana rushe katangun mutane da baki, ashe karkataccen gini ɗaya da ke Abuja naka ne."

Na ce, "Kawu, garin yaya?"

Ya naɗe igiyarsa a hankali. "Ina kan wannan aka aiko mini Ladi ta sauka, an samu 'yarmu Rabi. Shekara goma sha ɗaya muna jira. Hannuna rawa yake yi, ni kuma na ƙi sauka. Washegari na gani, na yi niyyar faɗa, sai na ga in aka rushe shi kamar an rushe ranar ne."

Tukur bai ƙara dariya ba. A hanyar dawowa shi ya riƙa gyara masa ƙafar a kan kujera.

Daminar da ta biyo baya, ciwon ya kwantar da shi. Wata ranar Juma'a da hantsi ina ba shi kunu, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ko ya taɓa ganin shugaban ido da ido. Ya ce bai taɓa ba, ko daga nesa.

"To me ya sa kake ji da gidan nan haka?"

"Aiki ne aka ba ni na mamaci, 'yar nan. Shi ba zai zo ya duba ba. Kuma ginshiƙi ba ya kai masa komai inda yake, don haka duk bulon da na ɗora sai na roƙa masa gafara. Ni in na tafi kada a ɗora mini ko ɗaya. Ku dai yi mini roƙon gafarar."

Kwana tara bayan nan ya cika. Mun bi maganarka, Kawu, ƙasa kawai aka tara. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.