Inna da Maganin Idon Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna da Baba zaune a tabarma ɗaya ba. Haka gidanmu yake a Wurma. Ta kai mashi tuwo ta ajiye, ta koma bakin murhu. In yana son magana da ita sai ya yi gyaran murya a ƙofar ɗaki, ita kuma ta ce, "Na'am, Malam," ba tare da ta ɗago kai ba.

Baba manomi ne, yana kuma da 'yan shanunsa. Ana yabon idonsa a ƙauyenmu, don daga bakin gona yake hango garke ya faɗi saniyar da ke ɗingishi. Shi ya sa da ya fara karo da gefen ƙofa muka ɗauka gaggawa ce. Sai wata ranar kasuwar Kurfi mai babur ya fito ta hagunsa, Baba bai gan shi ba sai da ya buge mashi gwiwa.

Lokacin ina koyarwa a Dutsin-Ma. Na je na ɗauko shi muka tafi asibitin ido a Katsina. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta gama aune-aunenta ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, hawan jinin ido ne. Ruwan cikin idon ne ke taruwa yana danne jijiyar gani. Ta gefe yake fara ci, shi ya sa ba ku lura ba."

"To, 'yata, ki ba ni wanda zai wanke shi."

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Baba. Amma wanda ya rage za mu tsare shi, in kuna ɗiga wannan safe da yamma, kullum, ba fashi."

Ya juya 'yar kwalbar maganin a tafin hannunsa, ya sa ta a aljihu, muka kamo hanyar Dutsin-Ma.

Na so ya zauna wurina, amma damina ta kama, hankalinsa yana kan gero. Matsalar ita ce hannunsa yana rawa. In ya ɗiga da kansa, maganin a kumatu yake ƙarewa. Ƙannena duk sun watse, wasu aure, wasu neman abinci. Da na mayar da shi Wurma na tsaya tsakar gida ina tunanin wa zan bar wa aikin, sai Inna ta goge hannu a zaninta ta ce, "Nuna mani."

Na nuna mata. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ta zauna. Baba ya tsaya yana duban wani wuri, kamar baƙo.

"Malam, kwanta mana. Tsaye zan ɗiga maka?"

Ya kwanta, kansa dab da gwiwarta. Ta sa yatsa ta ja fatar ƙasan idon, ta ɗiga, ta danne lungun idon kusa da hanci kamar yadda likita ta ce. Ni kunya ta kama ni, na fita duba shanu.

Daga nan abin ya zama nasu. Ba mu da firji, sai ta riƙa ajiye kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Duk ƙarshen mako in na zo da sabon magani ko 'yan kayan miya, nakan same su bayan la'asar a tabarmar nan. Maganin ba ya ɗaukar lokaci, amma ba sa tashi. Ya rufe ido, ita kuma tana ba shi labari: wadda ta haihu, wanda ya sayar da bijiminsa, yadda wake ya yi a gonar gabas. Wata rana na ji shi yana dariya har da tari. Ban san Inna tana da ban dariya ba sai ranar.

Ya taɓa ce mani, muna komowa daga masallaci, "Yanzu duniya ta zama kamar ina leƙe ta bakin tulu. In uwarku ta sunkuyo, fuskarta kaɗai ke cika wurin." Sannan ya ce, "Ashe tana da tabo a gira. Ban taɓa lura ba."

Shekaru suka tafi a haka. Ya daina zuwa kasuwa, daga baya ya daina zuwa gona. Ya rasu da kaka, bayan an shigo da gero, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.

Da Inna ta fita takaba na dawo da ita Dutsin-Ma. Wata yamma muna zaune tana tsince shinkafa, na ce ko ba komai mun gode Allah, maganin ya riƙe mashi idonsa har ƙarshe.

Ta ci gaba da tsintar ta. "Tun kafin azumin bara ya daina gani."

"Inna, ai bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba. In na sunkuyo sai ya ce yau kallabina ya yi kyau, alhali ko launinsa bai sani ba. Na gane. Shi ma ya san na gane."

"To, me ya sa ba ku gaya mani ba?"

"Da ka kwashe shi zuwa asibitoci. Shi kuwa tabarmarsa yake so." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a hannu. "Ni ma haka."

Yanzu an bar gidan Wurma a hannun wani ɗan uwanmu. Nakan je, amma ba na daɗewa. In na shigo Inna takan tambaye ni ko an yi ruwa a can, ko rufin ɗakin Baba yana yoyo. In ce mata lafiya lau. Sai ta ce in Allah ya kai mu rani in kai ta ta kwana biyu, ni kuma in ce to.