Lungun da Kaka Ta Hana a Gina

Ni dai in hadari ya haɗo, ba na iya zama. Ko ina tsakiyar duba zanen ɗalibai ne sai in ajiye biro, in je taga, in dawo, in sake komawa. Abokan aikina a sashen koyar da tsara birane sun saba, har suna tsokanata wai Malama Hauwa ta fi masu hasashen yanayi sanin lokacin ruwa. Nakan taya su dariya, amma abin ba na dariya ba ne a wurina. Wani lungu ne a unguwar Rikkos ta Jos yake hana ni sukuni, lungun da faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba, da wata tatsuniya da na sha ji tun ina ƙarama amma ta bi ta bayan kunnena.

Gidanmu a gangare yake. Lungun ya ratsa tsakanin katangarmu da ta Mama Obinna, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo, tela ce, ta zo unguwar tun kafin a haife ni. Kowane gida yana da 'yar ƙaramar ƙofa da ke buɗewa cikin lungun, ta nan ake miƙa gishiri da garwashi da gulma. Kakata, wadda na ci sunanta, ita ce mai tsaronsa. Kullum da safe sai ta share shi tas. Ba a jibge itace a ciki, ba a ɗaure akuya, ko tsohon bokiti ka ajiye sai ka ji muryarta daga ɗaki.

"Wa ya tare hanyar baƙuwa?"

Wanda ya san sanyin Jos ya san ba a hira a tsakar gida. Da an idar da sallar isha'i muke ɗuruwa ɗakin Kaka, mu kewaye kaskon gawayi, kowa da rigar sanyinsa mai warin hayaƙi. Takan binne dankalin Turawa a toka, wai ladan wanda ya saurara har ƙarshe. 'Ya'yan Mama Obinna sukan ɓullo ta lungu, ita ma uwar ta biyo su da allura da zare, ta zauna bakin ƙofa tana cewa ita haske ta zo nema, ba tatsuniyar yara ba. Amma in Kaka ta tsallake wani wuri, ita ce ta farko da za ta ce, "Mama, ka manta wurin maƙeri."

Ni kuwa ban taɓa zama wuri guda ba. In tona toka, in ja zanen wannan, in leƙa waje.

"Takwara, ƙaya ce a tabarmar?" in ji Kaka. "Wannan rawar kai taki, Allah ya sa ta kai ki inda ake biya."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." In damina ta kusa, mun san wadda za ta zo.

Wai wani mutum ne ya kafa gari a gindin dutse. Da sandarsa yake zana wa kowa wurinsa a ƙasa. Maƙeri ya zo, ya ba shi gefen da iska ke kwashe hayaƙi. Makiyayi ya zo, ya ba shi bakin fadama. Rannan sai ga wata tsohuwa ta gangaro daga kan dutse, zanenta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Iya, ina kike so a gina miki?" Ta ce ita ba ta son ɗaki, ba ta son abinci. Sau ɗaya take zuwa a shekara, hanya kawai take so ta wuce. Mutumin ya dube ta da kyau, ya gane ruwan damina ne ya zo masa a siffar mutum. Maimakon ya zana mata hanya, sai ya ajiye sandarsa ya ce ta yi gaba. Ya bi ta a baya har ƙarshen gari, duk inda ta taka ya sa dutse, ya ce kada kowa ya gina a nan.

A nan Kaka takan tsaya ta juya dankali, mu kuwa kamar mu cinye ta.

Mutumin ya rasu. Ɗansa, wanda ya je wata ƙasa ya koyo gini, ya dawo ya ga fili kwance a tsakiyar gari, karkatacce, ba kyan gani. Ya ce wannan asara ce. Ya gina rumfuna a kai, a jere kamar haƙoran mataji, ya bar wa tsohuwa 'yar rariya a ƙasan bango. Da lokacinta ya yi ta gangaro, ta yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ta dubi rariyar ta ce, "Ni da kayana duka ta nan zan bi? To, tunda an hana ni hanya, bari in kwana." Ta shiga ɗakin maƙeri ta kashe masa wuta. Ta shiga rumbu ta jiƙa hatsi. Ba ɗakin da ba ta kwana ba, sai da mutanen gari suka rushe rumfunan da hannunsu, sannan ta naɗe zanenta ta wuce.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "wuta ta yi sanyi, kowa ya nemi bargonsa."

Ba a littafi ta samo wannan ba. Tana budurwa ta yi aikin wankin kuza, ta yi shekaru tsaye cikin ruwa tana kallon yadda yake kwasar yashi, inda yake sauri da inda yake lafawa. Ni a lokacin dankalina kawai nake jira.

Rawar kaina ta kai ni jami'a, na karanta tsara birane. Na iya jan layi miƙaƙƙe, na iya lissafin ruwan da rufin kwano zai zubar. Ba zan ɗora wa malamaina laifi ba, sun koyar da abin da ake yayi ne a lokacin: ka zauna a teburin zane, ka cike kowane fili, ka shafe ƙasa da siminti, ka tura ruwa cikin bututu ya tafi can inda ba ka gani. Mun zana unguwanni da yawa waɗanda ba mu taɓa takawa ba, kuma mun ci maki.

Shekarar da na gama, ƙanin babana, Kawu Sale, mai sayar da katako a kasuwar Katako, ya ce wuri ya yi masa kaɗan a kasuwa, yana son sito a gida.

"Ga injiniya a cikin gida, me za mu je nema a waje?" ya ce. "Hauwa, ki duba mana lungun nan da ke zaune a banza."

Kaina ya kumbura. Na ɗauko tef na auna, ana tsakiyar rani, ƙasa a bushe ƙamas. Na zana sito mai kyau, na sa bututu a ƙarƙashinsa. Girman bututun kuwa da ruwan rufinmu da na Mama Obinna na auna shi, domin a takardata nan iyakar filin ta tsaya. Gangaren da ke bayanmu, da gidajen da ke samanmu har zuwa duwatsu, duk ba su shigo cikin takardar ba.

Kaka ta riga ta tsufa, amma ta dogara sanda ta fito.

"Takwara, kin taɓa tsayawa a nan ana ruwa?"

"Kaka, na yi lissafi. Ga bututu nan."

"To. Ita baƙuwar kin nuna mata lissafin?"

Kawu ya yi dariya, ni ma na yi. Mama Obinna ce ta leƙo ta ƙofarta, tef ɗin ɗinki rataye a wuya.

"Hauwa, ka tabbata wannan fayif zai iya? Ni na san ruwa na wannan wuri fa. In ya zo, ba ya jin oga, ba ya jin sori."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin ilimi ne. Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji kamar in nutse. Aka toshe ƙofofin biyu da bulo, mai son zuwa gidan wani sai ya zagaya ta titi.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, cikin watan Agusta. Ƙanƙara ta fara zuba, sannan ruwa ya kece. Ina tsaye a zaure na ga abin da ban taɓa tsayawa na kalla ba duk tsawon zamana a gidan: ruwan unguwa guda ne yake gangarowa, ja wur, ɗauke da yashi da leda da silifas. Kafin a ce kwabo bututuna ya toshe. Ruwa ya taru a bayan sito ya rasa hanya, ya nemi bangon da ya fi laushi. Na Mama Obinna ne, tubalin ƙasa da aka shafe da siminti. Ƙarar faɗuwarsa har yanzu tana kunnena.

Da muka zagaya muka same ta tsaye a ɗakin ɗinkinta, ruwa har ƙugu, ta rungume kan keken ɗinki. Atamfofin mutane suna yawo a kan ruwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta dube ni, ina rawar ɗari, ta kira ni 'yarta, ta ce, "Kar ka yi kuka, pikin na. Ruwa ne."

Washegari muka rushe siton. Ni na fara ɗaga guduma. Muka yi alkawarin tayar mata da bango, amma babban ɗanta Obinna ya riga ya zo da mota. Ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa. Duk lokutan da gari ya rikice, mutane suka yi ta ƙaura kowa yana neman inda nasa suka fi yawa, ita ta ƙi tashi. Takan ce tana da ƙofa a lungu, in abu ya ɓaci taku uku ne zuwa ɗakin Kaka. Kuma an yi hakan, ta taɓa kwana uku a bayan gadon Kaka. Wannan karon ba ta yi musu ba.

Da yamma Kaka ta sa aka hura kasko, ta zauna tana kallon garwashi. Na rakuɓe kusa da ita, karo na farko a rayuwata ban motsa ba.

"A tatsuniya ma sai da aka rushe," ta ce. "Amma a tatsuniya ba wanda ya tashi." Ta juya garwashi. "Rikici bai tashe ta ba, Takwara. Takardarki ce ta tashe ta."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Ba ta sake ba da wannan tatsuniya ba har ta koma ga Allah bayan damina biyu.

Yanzu karatun namu ya sauya, kuma na yi murna. Ana koya wa ɗalibai cewa gari ya zama kamar soso, a bar ƙasa ta sha ruwa maimakon a rufe ta da siminti. A bar wa rafi bakinsa, a dasa itatuwa, a je a zauna da mutanen unguwa kafin a ja layi ko ɗaya. Abokan aikina sukan dawo daga taro da manyan sunaye na Turanci kan waɗannan abubuwa, suna zumuɗi kamar yau aka gano su. Ba na raina su, gaskiya ne abin da suke faɗa. Sai dai tsorona kada a mayar da shi wani babi da za a haddace a ci jarrabawa. Ɗalibi zai iya rubuta shafi biyar kan sauraron jama'a, sannan tsohuwa ta yi masa tambaya a bakin lungu ya yi dariya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle yaron da ke riƙe da digiri.

Shi ya sa 'yan ajina ba sa fara zane sai sun jiƙe. Ranar da hadari ya haɗo nakan ce su rufe kwamfuta, kowa ya naɗe ƙafar wandonsa. Mu tafi Rikkos ko Dutse Uku, mu tsaya a sama, in ruwa ya gangaro mu bi shi a baya. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Ma, to a ina za mu rubuta? Takarda za ta jiƙe." Na ce ta bar takardar, yau ba mu ne masu zane ba. A ƙarshe nakan kai su lungunmu, in nuna musu tabon bulo a jikin katanga, in gaya musu wanda ya zana siton. Na lura wannan ya fi zama a kansu fiye da duk abin da nake rubutawa a allo.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a ji tsoron ruwa. Yanzu na fi tsayawa a kan mutumin da ya ajiye sandarsa ya bi tsohuwa a baya. Shi ne mai zanen gari, amma ya yarda akwai wadda ta riga shi sanin wurin. Ni mutum biyu suka tsaya a gabana da wannan sanin, na nuna musu takarda.

Mama Obinna tana nan da ranta, ta tsufa, tana wurin ɗanta. Duk farkon damina sai wayata ta yi ƙara. Ba ta taɓa tayar da zancen bango ba. Bana ma ta kira, ina tsaye a taga.

"Hauwa, hadari ya taso a Rikkos?"

"Ya taso, Mama."

"Ka share hanya?"

"Na share, Mama."

Kuma na share ɗin, da tsintsiya irin ta Kaka. Mun sake buɗe ƙofofin nan biyu tun tuni. Baƙuwa tana wucewa duk shekara ba ta taɓa kowa. Mama Obinna ce dai ba ta sake bi ta wurin ba.