Littafin da Arlen Ya Mayar

Marlys Tollefson ta tsufa a kicin ɗin makarantar garinsu a arewacin Minnesota, tana dafa wa 'ya'yan mutane dankali. Karatu kuwa, in ba littafin girki ba ne, a kai kasuwa.

Abu ɗaya ke cin ranta. Mijinta Arlen ya hau ƙanƙarar tafkin da ya daskare da mota a ƙarshen hunturu, ta fashe da shi. Kowa ya ce tsautsayi ne. Amma mutumin da ya san ƙanƙarar nan kamar tafin hannunsa? Shekaru suka shuɗe, ba ta daina tambayar kanta ba.

Da Wendell Kroska ya rasu, tsohon nan mara magana da ke tsallaken titi, sai aka buɗe gidansa kowa ya shiga ya zaɓi kaya, yadda aka saba. Neman tukunya ne ya kai Marlys. Sai ga kwali cike da littattafai sababbi fil, kowanne ɗauke da sunansa. Ashe marubuci ne!

Ta ɗauki ɗaya. Da hantsi ta fara, abinci ya ƙone ba ta ji ba. Wallahi mutumin ya iya, har haushi ya kama ta, makwabcinta guda ba ta taɓa sani ba. Can ta iso labarin wani masunci da ya kyautar da karensa, ya shafa wa kayan aikinsa mai, ya aske gemu, sannan ya nufi tafki ya halaka kansa. Haka Arlen ya yi, ɗaya bayan ɗaya, tana kallo tana yaba masa tsabta. Ta duba shekarar bugu. Littafin ya riga mutuwar Arlen fitowa.

Ta koma wajen Bernice, ƙanwar Wendell, wadda ke naɗe labule.

"Bernice, don Allah, me ya hana yayanki ba ni wannan tun tuni? Da na karanta ai da na gane."

"Ke kuma! Ya kai miki mana, har ƙofa. Ya ce mijinki ya fara ba shi tsoro."

"Ban taɓa ganin littafin ba."

Bernice ta ajiye labulen.

"Arlen ne ya dawo da shi washegari. Ya ce ya karanta, ya yi kyau, amma ke ba ki da lokacin karatu."