Lakar da Ke Bin Maganaɗisu

Ana idar da sallar asuba muka bar Gesse, ni da ɗiyar ƙanena mai karatun kimiyya a jami'a. Aikina riƙon kwalabe da rubuta sunan wuri a jikinsu, tunda rubutuna ya fara zama a makarantar yaƙi da jahilci. Ita lakar gulbi take nema, wadda ke ɗauke da wasu ƙananan halittu, bakteriya, masu ɗan maganaɗisu a cikinsu. In ba ta samo su kafin ruwa ya cika ba, aikinta na bana ya tashi.

Hanyar Argungu shinkafa ce dama da hagu. Kuɗin mota ya hau, ƙosan tasha kuma ya ƙanƙance har na tausaya masa.

A bakin gulbin Argungu wani dattijo mai kwalekwale ya ɗauke mu. Wuri biyu ba mu samu komai ba. Sai ya kai mu wata kwanar gulbi da masunta ba su jefa taru. Ruwan tsit, babu ko tsuntsu, baƙar lakar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta cika kwalba biyu, ta manna ƙarfen maganaɗisu a gefen ɗaya. Can sai wani ɗigon toka ya taru daidai wurin. Ta ɗiga shi a madubin ƙara girma, na leƙa. Ga ƙananan halittun nan, duk gefe guda suka nufa. Ta juya ƙarfen, suka juya gaba ɗaya, ba wanda ya yi gardama.

Ta ce a ɗakin bincike suna da wani abu kamar almakashi mai yanke ƙwayar gado da ke gina maganaɗisun a jikin halittun, don a gane yadda yake aiki. Waɗanda aka cire wa sai su yi ta yawo ba alƙibla.

Dattijon ya ce, "To ɗiyata, in kun cire musu, mi za su bi?"

Ta rufe kwalaben, ta ce mu koma.

A tasha na ga ruwan kwalaben ya yi dagwalo. Na tsiyaye ɗaya na zuba ruwan leda, yadda muke wa tarwaɗa a hanya. Ina kama murfin ta biyu ta riƙe hannuna.

"Baba, ruwa mai kyau kashe su yake."

Da la'asar muka iso gida. Ta manna ƙarfen a kwalbar da ta rage, muka zauna muna kallo, har ɗigon ya fito.

Na koyi tambaya kafin in yi alheri. Sai dai har yau nakan tuna su cikin kwalba, kowanne ya san inda ya dosa, almakashi na jiransu.